Tambari ya fito tsaf a CorelDRAW, ya shiga Word ya fashe: ina matsalar take?

Aikin zane nake yi a Agege: katin ɗaurin aure, takardar walimar sauka, tambarin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, kalanda idan shekara ta zo ƙarshe. Mafi yawan abin da na zana Shomolu nake kaiwa a buga, kuma mai injin can ba ya jin "ai a kwamfutata yana da kyau". Abin da ka ba shi, shi zai fito. Waɗannan tambayoyin yaran shagona da masu kawo aiki ne suka fi yi mini su.

Malam, tambarinmu yana da kyau a kwamfutarka, amma da muka ɗora shi a saman takardar wasiƙa sai ya yi dishi-dishi. Me ya faru?

Hoto a kwamfuta iri biyu ne. Na farko shi ake kira bekta, irin wanda CorelDRAW da Illustrator da Inkscape suke yi. Shi kwamfuta ba hoton take ajiyewa ba, awonsa take ajiyewa: layi ya tashi daga nan, ya lanƙwasa haka, ya tsaya can, a cika cikinsa da kore. Kamar tela ne da awo a hannu, ko rigar yaro ko ta babba yankan zai fita daidai. Shi ya sa tambari ɗaya zai hau kan biro, ya hau allon talla na kan titin Ikorodu, bakinsa yana nan da kaifi.

Na biyu hoton ɗige-ɗige ne, wato JPEG da PNG da duk abin da waya ta ɗauka. Ka ɗauko hular zanna ka duba: daga nesa zane ne mai kyau, ka kawo ta kusa da ido sai ka ga ɗinki ɗai-ɗai. Adadin ɗigon da aka saka tun farko shi ke nan, in ka ja hoton ya yi girma ɗigon ne kawai ke kumbura, gefensa ya koma kamar haƙoran zarto.

To tambarinku bekta ne a wurina. A wani wuri tsakanin kwamfutata da takardarku ya koma ɗige-ɗige, kuma ɗigon bai isa ba. Aikin duka shi ne gano wurin.

Ta yaya zan gano wurin?

Bi sawunsa. Buɗe fayil ɗin da ka fitar daga manhajar zane, ka zuƙo shi zuwa kashi 800 cikin ɗari. In gefen haruffa yana nan sumul, bekta ne har yanzu. Sa shi a Word ka sake zuƙowa iya inda Word ya tsaya, wato kashi 500. Mayar da takardar PDF, ka sake. Matakin da ka fara ganin ƙananan murabba'ai, nan ɓarnar ta faru. Kada sunan fayil ya ruɗe ka: PDF jaka ce, tana ɗaukar bekta tana ɗaukar hoto, kuma JPEG da aka cusa cikin PDF yana nan JPEG ɗinsa.

Wane irin fayil ya kamata in sa a cikin Word?

In Word ɗinka sabo ne, na 2019 zuwa sama ko na Microsoft 365, sa SVG. Yana shiga a matsayin bekta. Amma akwai tarko a nan da ya taɓa cinye mini yini guda. Idan ka sa SVG, Word yana ɓoye kwafin PNG a gefe domin tsofaffin manhajoji. Ka kai takardar wani shagon buga takardu da ke amfani da Word na 2010 ko 2013, sai ya nuna wannan kwafin maimakon ainihin zanen. Kai a gida ka ga kaifi, shi a shago ya buga maka hazo, ku yi ta musu alhali kowa gaskiya yake faɗa. Maganinsa ka mayar da takardar PDF a kwamfutarka kafin ka fita.

In tsohon Word gare ka, EMF ne abokin tafiyarka. Tsohon tsarin Windows ne, yana riƙe layuka da kaifi, amma ba ya jituwa da inuwa, da launi mai shara-shara, da launin da ke narkewa cikin wani. Sai ka ga narkewar ta zama zara-zaran layuka, ko inuwar ta zama baƙin akwati. Tambari mai launi biyu ko uku ba kwalliya, EMF ya ishe shi.

EPS kuwa, wani tsohon nau'in fayil ɗin zane, ka manta da shi a Word. Microsoft ta rufe ƙofarsa tun watan Afrilun 2017 saboda masu kutse suna ɓoye cuta a cikinsa. Google Docs shi ma ba ya karɓar SVG kai tsaye, PNG za ka ba shi.

Abin da nake hana yarana shi ne kwafa daga CorelDRAW a liƙa a Word da Ctrl+V kawai, don ba ka san siffar da zai zaɓa maka ba. In dole sai ka liƙa, bi ta Paste Special ka zaɓi Enhanced Metafile, wato EMF, da hannunka.

In babu makawa sai PNG, wane girma zan fitar?

Lissafi ne ƙarami. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne. Tambarin da zai zauna a faɗin santimita 5 yana bukatar ɗigo kusan 600. Na santimita 10, kusan 1,180. Cikakken shafin A4 kuwa 2,480 a faɗi, 3,508 a tsawo. Fara sanin girman da zai zauna a takarda, sannan ka fitar, kada ka fitar da ƙarami ka je kana jan kusurwarsa a Word.

Yawancin ɓarnar daga lamba 96 take. Shi ne awon fuskar kwamfuta, ɗigo 96 a kowane inci, kuma manhajoji da dama da shi suke fitar da hoto in ba ka canza ba. A fuska ya yi kyau, a takarda bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake so ba. Kuma tambari da rubutu PNG ake yi musu. JPEG na hoton mutane da gine-gine ne, yana barin datti-datti a gefen haruffa, ba ya kuma iya barin bayan tambari a buɗe, sai ya sa masa farin akwati.

Na fitar da 300 kamar yadda ka ce, amma duk da haka ya ragu.

To Word ne ya matse shi. Yana rage hotuna da kansa don kada fayil ya yi nauyi, nau'ikan Word da yawa suna saukar da hoto zuwa ɗigo 220 a inci. Shiga File, Options, Advanced, ka nemi Image Size and Quality, ka yi alama a kan Do not compress images in file. Wanda aka riga aka matse ba ya dawowa, goge shi za ka yi ka sake sa na asali.

Wuri na biyu lokacin ajiyewa a PDF ne. Zaɓi biyu ne a ƙasan akwatin, Standard da Minimum size. Na biyun don aikawa ta intanet aka yi shi, kuma mu mutanen Legas masu tsimin data hannunmu can yake zuwa. Na farkon za ka zaɓa in bugawa za a yi. Masu LibreOffice su duba wurin fitar da PDF, su zaɓi Lossless compression, su cire alamar rage hotuna.

Ni ban bi ta Word ba, daga manhajar zane na fitar da PDF kai tsaye. Rubutu ya yi kyau, inuwar da ke bayansa ce ta farfashe.

Inuwa da hazo da ƙyalli ba a iya rubuta su da layi, dole manhajar ta mayar da wannan ɓangaren ɗige-ɗige. Tambayar ita ce da wane awo. A Inkscape, akwatin ajiye PDF yana da wurin da aka rubuta 96, mayar da shi 300. A Illustrator duba Document Raster Effects Settings, in ka buɗe aikin a tsarin intanet za ka tarar da 72. A CorelDRAW kuma kada ka zaɓi tsarin Web a wurin Publish to PDF, ɗauki Prepress, ko PDF/X in mai injin ya nema.

Ra'ayina dai, tambari ba ya bukatar inuwa. Alhazai suna son ya yi ƙyalli kamar zinare, na sani, amma wanda za a yi hatimi da shi, a ɗinka a riga, a buga a rasit, gara a bar shi fayau.

Haruffanmu masu ƙugiya sun koma akwatuna a wurin mai bugu. Laifin wa?

Ba laifin kowa ba ne, salon rubutun da ka yi amfani da shi ne babu a kwamfutarsa. Tasa sai ta musanya da wani, wanda kuma bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Mai injin a Shomolu galibi Bayerabe ne, zai lura in ɗigon ƙasan harafin Yarbanci ya ɓace, amma "ƙungiya" da ta rasa harafin farko ba lallai ta tsaya masa a ido ba. Larabci da ajami sun fi shan wahala, haruffan sukan rarrabu ko su juya, kuma aya a katin walima ba wurin ganganci ba ne.

Kafin ka fitar, mayar da rubutun zane. A CorelDRAW zaɓi rubutun ka danna Ctrl+Q, a Illustrator Ctrl+Shift+O, a Inkscape Ctrl+Shift+C. Daga nan ba a iya gyara shi a matsayin rubutu, don haka ajiye kwafin da ba a mayar ba, domin sai ka gama ne Hajiya za ta kira ta ce an ɗaga ranar biki. In bayan haka ka ga harafin l ya yi kauri a Acrobat, manhajar buɗe PDF, kada hankalinka ya tashi, manhajar ce ke ƙara wa siraran layuka ƙarfi a fuska, a takarda daidai yake fita.

Launin fa? Koren da na zaɓa ya fito a mace.

Fuska da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Inji da tawada huɗu yake haɗawa, CMYK, kuma kore mai ƙyalli da shuɗi mai haske sun fi ƙarfin tawada. Word da SVG duka na haske suka sani. Aikin da launinsa ke da muhimmanci a CMYK ake zana shi tun farko, a fitar da PDF daga manhajar zane, a sa mai injin ya buga gwaji ɗaya kafin a saki dubu.

Shugabanmu ya turo tambarin ta WhatsApp, shi kaɗai muke da shi. Za a iya gyarawa?

WhatsApp yana matse duk abin da aka tura a matsayin hoto, kuma wannan tambarin wataƙila ya bi waya biyar kafin ya iso ka. Ƙara masa lamba zuwa 300 a Photoshop ba ya ƙirƙiro ɗigon da ya ɓace. Fara neman wanda ya zana shi, ka roƙe shi fayil na asali, CDR na CorelDRAW ko AI na Illustrator ko SVG, ya turo a matsayin Document ba hoto ba. In ba a same shi ba, PowerTRACE na CorelDRAW ko Trace Bitmap na Inkscape za su iya bin sawun siffofin, suna taimakawa a tambari mai sauƙi, amma rubutu sukan mayar da shi karkatacce. Ni sake zanawa nake yi da hannu, in sake buga rubutun da salon da ya fi kama da na asali, aikin awa ɗaya zuwa biyu. In na gama nakan ba sakataren ƙungiya fayil uku, SVG da PDF da PNG mai faɗin ɗigo 2,000, in ce ya tura su cikin imel ɗin ƙungiya a gabana kafin ya bar shagon.