Soke hatimin aure a cocin Mormon ba saki ba ne

Tun da bidiyon matan Mormon na Amurka ya fara yawo a TikTok da Facebook, na yi ta jin masu fassara suna cewa wance ta nemi "sakin haikali", ko cocinta ya "sake ta karo na biyu". Wani ma na ji shi a rediyo yana cewa ai khul'i ne irin nasu. Abin yana damuna, domin wannan fassara tana rufe ainihin inda ciwon yake.

Cocin Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a jihar New York a 1830, kuma hedkwatarsa ke Salt Lake City a jihar Utah, yana da aure iri biyu. Akwai na duniya, wanda mutuwa ke yankewa. Akwai kuma wanda ake yi a cikin haikali kaɗai, wato ɗakin ibadarsu na musamman, inda ango da amarya cikin fararen kaya suke durƙusawa fuska da fuska a gaban bagadi, galibi da manyan madubai biyu suna kallon juna ta yadda siffarsu ke ta maimaituwa ba iyaka. Wannan shi ne hatimi, aure na yanzu da na har abada. Gaskiya kalmar "hatimi" ma ba ta cika mani ba, don Bahaushe in ya ji ta sai ya tuna tambarin da ake bugawa a takarda. Tamu ta "ɗaurin aure" ta fi kusa, tunda hujjar 'yan cocin ita ce maganar Yesu ga Bitrus a Matiyu 16:19, cewa abin da ya ɗaure a duniya a ɗaure yake a sama.

To, alƙali yana kwance na duniya, amma hannunsa bai kai ga na sama ba. Ma'aurata su rabu a kotu, a raba gida da mota, kowa ya kama gabansa, a littafin coci kuwa hatimin na nan daram. Ba bishop ɗin unguwa ke soke shi ba. Shi dai yana karɓar buƙatar, ta bi ta hannun shugaban yanki, sannan ta kai ga shugaban cocin na duniya da mataimakansa biyu, su kaɗai ke da ikon cewa an soke. Haka yake ga wanda aka yi wa hatimi a Utah, haka yake ga na haikalin Accra da aka buɗe a 2004 ko na Aba a 2005. Saboda haka auren ya riga ya mutu kafin a fara wannan magana, babu wani saki da ya rage a yi.

Inda masu fassara ke tsallakewa shi ne bambancin mace da namiji. Mace mai rai ba a yi mata hatimi da maza biyu. In tana son shiga haikali da sabon miji, dole a soke na farko. Namiji kuwa izini kawai yake nema daga shugabannin, ana iya yi masa sabon hatimi alhali tsohon bai warware ba. In ya ga dama ya nemi sokewa, amma ba tilas ba ne. Cocin ya bar auren mace fiye da ɗaya tun sanarwar Wilford Woodruff ta 1890, sai dai a batun lahira sawun abin bai goge ba. Russell M. Nelson, wanda ya shugabanci cocin daga 2018 har rasuwarsa a 2025, matarsa ta farko ta rasu a 2005, ya sake aure a 2006, kuma yana da hatimi da dukansu biyun.

A ɗauki mace da ta fito daga aure mai zafi, ta yi auren kotu da wani, ta haifi ɗa. Muddin tsohon hatimin bai soke ba, a ƙa'idar cocin wannan yaro an haife shi ne cikin alkawarin hatimin farko, wato na mutumin da ba ubansa ba. In ta tashi neman sokewa, za ta zauna ta rubuta tarihin auren da ya rushe, kuma akan nemi tsohon mijin ya aiko da tasa wasiƙar. Ba shi da ikon hanawa, amma an sake jawo shi cikin lamarinta bayan ta yi zaton ta huta. Wadda mijinta ya rasu tana ƙuruciya ta fi ba ni tausayi: ko ta nemi a warware ta daga mamacin da take ƙauna, ko ta auri na biyun aure na duniya kawai. A ganina ba daidai ba ne a ɗora wa mace zaɓin da ba a ɗora wa namiji ba.

Cocin yana cewa 'ya'yan da aka riga aka haifa cikin hatimi ba sa rasa matsayinsu don an soke na iyayensu, kuma Allah ba zai tilasta wa kowa zama da wanda ba ya so a lahira ba. Mace in ta mutu ma, ana iya yi mata hatimi da duk mazan da ta aura bisa doka. Wadda ke raye ce ake cewa ta tsaya a kan ɗaya.