Waiwaye: yadda aka kai ga auna lokacin hutar da tsohon kare

A birnin New York na ƙarni na 19, karnukan da aka kama a titi kuma ba wanda ya zo nema, a kejin ƙarfe ake zuba su a nutsar a kogi. A Landan kuwa, a 1884, likita Benjamin Ward Richardson ya ƙera wa gidan karnuka na Battersea wani ɗaki da ake cikawa da iskar gas, kare ya yi barci har rai ya fita. Damuwar wancan zamanin ita ce rage karnukan titi. Karen gida da tsufa ya kayar, sau da yawa mai shi yakan harbe shi ko ya zuba masa ido.

Samuwar maganin sa barci na pentobarbital a 1930 ita ce ta canza aikin hutar da kare, wato ɗauke ransa ba tare da wahala ba. Ƙungiyar Likitocin Dabbobi ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan wannan aiki a 1963, ta sabunta su a 2020, kuma allurar wannan magani a jijiya ita ce hanyar da ta fifita ga kare. Likita yakan fara da allurar kwantar da hankali, ya aske ɗan gashi a ƙafar gaba, ya sa siririn bututu a jijiya, sannan ya tura maganin. Hayyaci ne ke fara gushewa cikin daƙiƙoƙi, numfashi ya biyo, sai zuciya, duka a 'yan mintuna. Idanu ba sa rufewa, fitsari kan zubo, wani lokaci a ga ya ja dogon numfashi ɗaya, alhali ya riga ya daina jin komai. Inda ake samun matsala shi ne karen da ruwan jikinsa ya ƙare: jijiyarsa ta lafe, maganin ya tsiyaya ƙarƙashin fata ya yi zafi. Shi ya sa ake sa bututun tukuna.

Da hanya ta samu, sai tambaya mai wuya ta rage: yaushe? Rigakafi da magunguna sun tsawaita ran karnuka, har suna kaiwa shekarun ciwon daji, ciwon ƙoda da ciwon gaɓoɓi. An daɗe ana ce wa masu kare za su gane da kansu in lokaci ya yi. Wannan shawara ta cuci karnuka da yawa, domin kare yana ɓoye ciwo, yana iya kaɗa bindi ya lashi kwano alhali ya kwana yana haki.

A 2004 likitar ciwon dajin dabbobi Alice Villalobos ta kawo ma'auni mai abubuwa 7: ciwo, cin abinci, shan ruwa, tsafta, walwala, iya motsi, da ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa. Kowanne ana ba shi maki har 10, jimillar da ta haura 35 na nuna rayuwar tana da sauran armashi. Amma kada jimilla ta ruɗe ka. Karen da ke fama da numfashi yana cikin azaba ko da sauran makinsa sun yi kyau. Ƙirga numfashinsa yana barci, in ya riƙa wuce 30 a minti, nemi likita a ranar. Ɗaga fatar bayan wuyansa ka saki, in ta yi jinkirin komawa, ruwa ya yi ƙaranci. Duba ƙugu da gwiwar gaba ko gyambon kwanciya ya fito. Rataya kalanda, kowane dare mutum ɗaya ya sa alama, mai kyau ko mara kyau, a duba bayan mako 2.

Aikin na likitan dabbobi ne kaɗai. Maganin ɓera ko na ƙwari mutuwar azaba yake jawowa, ta farfaɗiya ko zubar jini a ciki. Gawar kuma ba a yar da ita a juji, don maganin allurar yana nan a naman, kuma a Amurka ya kashe mikiyoyin da suka ci irin wannan mushe. A haƙa rami mai zurfin aƙalla mita 1, nesa da rijiya, a binne a danne da duwatsu.