Zaftarewar ƙasa

Zaftarewar ƙasa ita ce gangarowar ƙasa, laka ko duwatsu daga jikin tsauni ko tudu saboda nauyin kansu, wato ƙarfin nan da ke jawo kowane abu zuwa ƙasa. Ta bambanta da zaizayar ƙasa, inda ruwa ko iska ke kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan, ko da yake sau da yawa zaizaya ce ke share mata fage: rafi ya cinye gindin gaɓa, samanta ya rasa madogara, sai ya rufto.

Ire-irenta

Masana na rarraba ta gwargwadon abin da ya motsa da kuma saurinsa. Akwai faɗowar duwatsu, da zamewar ɓangaren tudu a dunƙule, da kwararar laka wadda kan bi kwari da gudun da mutum ba zai iya tsere wa ba. Akwai kuma mai jan ciki, santimita kaɗan a shekara, wadda sai a karkacewar turakun lantarki da tsagewar bango ake gane ta.

Dalilai

Ruwa ne kan gaba. Busasshen yashi ba ya tsayawa a gangaren da ya wuce kimanin digiri 34. Ɗan danshi na ƙara masa riƙo, amma idan ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, sai ta ƙara nauyi, ruwan kuma ya raba ƙwayoyinta da juna. Shi ya sa aka fi ganin zaftarewa bayan mamakon ruwan kwana da kwanaki. Girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu su ma suna tayar da ita, haka nan sare itatuwa da yanke gindin tudu don gina gida ko hanya. A ƙasar Hausa, inda tsaunuka ba su da yawa, an fi sanin ta da ruftawar ramukan ɗibar ƙasa da na haƙar ma'adinai.

Tarihi

Zaftarewar Vajont a arewacin Italiya na cikin waɗanda aka fi nazari. An gina madatsar ruwa mai tsayin kusan mita 262 a gindin tsaunin Toc. Tun a 1960, ana cikin cika tafkin, wani ɓangaren tsaunin ya zame, doguwar tsaga kuma ta bayyana a jikinsa, amma aka ci gaba da aiki. A daren 9 ga Oktoba 1963, ƙasa da duwatsu kimanin kubik mita miliyan 260 suka afka cikin tafkin. Ruwan ya tsallake madatsar, ya shafe garin Longarone da ƙauyukan kusa, mutum kusan 2,000 suka mutu. Abin mamaki, ita madatsar tana nan tsaye har yau.

A Aberfan ta yankin Wales a Birtaniya, tsibin tarkacen kwal da aka jibge a kan maɓuɓɓugar ruwa ne ya gangaro kan makarantar firamare ranar 21 ga Oktoba 1966. Cikin mutum 144 da suka rasu, 116 yara ne. A 1970 kuma girgizar ƙasa ta ɓalle ƙanƙara da duwatsu daga tsaunin Huascarán na Peru suka binne garin Yungay. An daɗe ana cewa mamatan sun kai 18,000 ko fiye, wasu masu bincike na ganin adadin bai kai haka ba.

A Afirka, ba a manta da ta Saliyo ba: da asubahin 14 ga Agusta 2017, gefen tsaunin Sugar Loaf ya zaftaro kan unguwar Regent a bayan birnin Freetown, inda aka yi ta gine-gine bayan an sare daji. Waɗanda suka mutu ko suka ɓace sun haura 1,100. Ta Bafoussam a Kamaru, a Oktoban 2019, ta kashe fiye da 40. A Gofa ta Habasha, a Yulin 2024, bayan zaftarewa ta farko, masu aikin ceto ne ta biyu ta rufta wa, mamatan suka wuce 200.

Kariya

Ana haƙa magudanai don rage ruwan cikin tudu, a gina katangar tokari, a dasa itatuwa, a kuma hana gini a wuraren da taswira ta nuna suna da haɗari.