Tayoyin mota mai ɗaki: ku daina duba zane kaɗai

Aikin taya nake yi a nan Ingila. Duk shekara da zarar sanyi ya fara janyewa, sai 'yan uwa masu mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da kicin da banɗaki a ciki, su fara kirana da tambayoyi iri ɗaya. Bakina ya gaji da maimaitawa a waya, don haka ga su a rubuce. Wanda ya sake kirana, nan zan turo shi.

Zanen tayata ko ci bai yi ba. Me zai sa in canza?

Tsufa ke kashe tayar irin wannan mota tun kafin titi ya cinye ta. A cikin robar akwai maiƙon da ke kare ta daga rana da iska, kuma sai tayar tana juyawa tana ɗumi yake fitowa waje. Wadda ta yi wata shida a tsaye wuri ɗaya, a ƙarƙashin motar da ta kai kusan tan uku da rabi, bushewa take yi. Zanen yana nan raɗau, robar ta mutu.

Ta yaya zan san shekarunta?

Durƙusa ka duba gefenta. Nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 3218 na nufin mako na 32 a 2018. In ba ka gani ba, yana ɗaya gefen, shiga ƙarƙashin mota da tocila. In lambobi uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta, kada ma ka tada motar.

To shekara nawa ya kamata ta yi?

Michelin na cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta cika goma a cire ta ko da kyanta. Ni a kan mota mai ɗaki ba na jiran goma. Daga biyar ka fara tara kuɗi, kada ta wuce bakwai.

Ai ta ci gwajin MOT, Malam.

Ta ci. A MOT, gwajin lafiyar mota da ake yi duk shekara a nan Ingila, mai gwaji zai auna zane ya ga ya kai milimita 1.6, ya duba yanka da kumburi. Wannan ba shaidar cewa za ta kai ka Sifaniya da rana tsaka ba ce. Ku tuna abin da ya faru a watan Satumba 2012 a hanyar A3 ta nan Ingila: babbar bas ta taso daga wani bikin waƙa, tayar gaba ta fashe, mutum uku suka rasu. Tayar ta haura shekara 19, kuma da zanenta. Mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan ta yi shekaru tana fafutuka kafin a kafa dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu 2021, wadda ta hana tayar da ta wuce shekara 10 a gaban manyan motoci da bas. Mutane su ce mini ai dokar ba ta ambaci irin motarsu ba. Alhaji, matarka da 'ya'yanka ne a ciki. Sai doka ta tilasta maka?

Mai shago ya ce tayar C ta motar kaya ma ta yi, ga ta da araha. Dole ne sai CP?

A nan sai ka yi haƙuri, domin amsar ba ta da "e" ko "a'a" kai tsaye, ta danganta da nauyin da motarka ke ɗauke da shi.

Yawancin motocin nan a kan jikin Fiat Ducato aka gina su, motar da asalinta ta kai kaya ce. Motar kaya takan fita da lodi da safe ta dawo wayam da yamma. Taka kuwa ba ta taɓa sauke lodinta: gado, firji, tukunyar gas, batir, tankin ruwa, duk suna kanta dare da rana, har lokacin da take ajiye. Shi ya sa aka yi tayar da ke da alamar CP, irin su Michelin Agilis Camping da Continental VanContact Camper, mai jure tsayuwa da nauyi da iska mai yawa, har bar 5.5 (bar ma'aunin iskar taya ne), wato kusan 80 a ma'aunin masu faci.

Yanzu duba lamba. A kan ƙaramar Ducato za ka ga 215/70 R15 CP 109Q. Wannan 109 na nufin kowace taya kilo 1,030 take ɗauka, biyu na baya 2,060. Ita kuma motar, abin da aka yarda bayanta ya ɗauka yakan kasance kilo 2,000, yana rubuce a ƙaramin farantin da ke jikinta. Ka ga tazarar kilo 60 ce kacal. Ka cika tanki da lita 100 na ruwa, kilo 100 ke nan. Ka rataya kekuna biyu a can ƙarshen baya, inda nauyinsu ke danna tayoyin baya fiye da abin da sikeli zai nuna in ka auna su a ƙasa. Ga buhun shinkafa da jarkar mai da Hajiya ba za ta bari a baya ba. Kuma nauyin ba ya rabuwa daidai, ɓangaren da kicin da tanki suke ya fi shan wahala.

Saboda haka abin da nake cewa shi ne: loda motar yadda kake tafiya da ita, da iyali da ruwa da komai, ka kai ta sikelin manyan motoci a auna gaba daban, baya daban. Kuɗin kaɗan ne. In ka dawo da takardar, sannan mu yi magana. In nauyin bayan ya kusa iyaka, CP zan ba ka, ko kuma taya mai lambar nauyi da ta fi ta yanzu. In motarka mai wili inci 16 ce, akwai 225/75 R16 C mai lamba 121, wadda ke ɗaukar kilo 1,450, alhali CP ɗin girmanta mai lamba 116 kilo 1,250 take ɗauka. Irin wannan C ba zan ce ba ta yi ba, musamman ga wanda ke hawa motarsa kowane mako. Amma iskar da za ka ba ta ba irin ta CP ba ce, iyakarta na rubuce a gefenta, kada ka bi takardar da ke manne a ƙofa ido rufe. Na fi so a bar rarar kashi goma cikin ɗari tsakanin nauyin gaske da iyakar taya. Kuma taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa motar iyakar da ke kan farantinta, in ka wuce ta, kaya za ka rage.

Masu kukan cewa iskar bar 5.5 na sa mota tsalle har kofuna na kaɗawa, na ji ku, gaskiya ne. Wani lokaci ana iya ragewa, musamman a gaba. Amma aika wa kamfanin tayar nauyin da sikeli ya nuna, su ba ka adadi. Kada ka rage da ka. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin lodi zafi take tarawa har ta tarwatse.

Zan iya haɗa C da CP?

Hagu da dama, a'a. Su zama iri ɗaya.

Biyu kawai kuɗina zai saya.

In duk huɗun shekarunsu ɗaya, matsalarsu ɗaya, ka jinkirta tafiyar. In biyu ne suka tsufa, sababbin su koma baya.

Ta gwanjo fa?

A'a. Mun san abin da tayar gwanjo ke yi a hanyar Kano zuwa Kaduna da zafin watan Afrilu, har Najeriya ta sa ta cikin kayan da aka hana shigowa da su. Ba za mu zo nan mu ɗora iyali a kanta ba. Ko sabuwa za ka saya, karanta lambar DOT kafin a ɗaura, kada a ba ka wadda ta yi shekara uku a sito.

Bawul ma sai an canza?

E. Na roba na ƙananan motoci iyakarsa wajen bar 4.5 ne. Ka ce a sa na ƙarfe ko mai jure iska mai yawa.

Bara na je Faransa na dawo da tayoyi masu shekara tara. Hankalina ya tashi.

Kwantar da shi, Allah ya kiyaye, kun dawo lafiya. Mutane da yawa ba su taɓa jin labarin lambar nan ba sai yau. Canza su kafin tafiya ta gaba, shi ke nan. In da hunturu za ka bi ta Jamus, nemi mai hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, domin tun Oktoba 2024 tsohuwar alamar tayar hunturu ta M+S kaɗai ba ta wadatarwa a can idan titi ya yi ƙanƙara.

Safaya kuma? Ba a taɓa ɗaura ta ba.

Ita ma tsufa take yi, tana rataye a ƙasa ruwa da gishirin titi na dukanta. Sauko da ita ka karanta lambarta yau.