Me ake nufi da neman harafi a cikin jerin haruffa?

A wajen masu rubuta manhaja, jerin haruffa shi ne duk wani rubutu da kwamfuta ta adana harafi bayan harafi, ko suna ne, ko adireshin imel, ko shafi guda. Neman harafi a cikinsa tambaya biyu ce: yana nan? In yana nan, a gurbi na nawa?

Kwamfuta takan fara daga farko ne, tana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, da ta ci karo da shi sai ta tsaya. A harsunan rubuta manhaja irin su Python da JavaScript da C ana fara ƙirga gurbi daga 0. Saboda haka idan ka rubuta "Katsina".find("s") a Python, wato umarnin neman s a cikin "Katsina", amsar 3 ce. Ka nemi "a", za ta ba ka 1, domin na farko kawai take dubawa. Mai son na ƙarshe sai ya yi amfani da rfind, ya samu 6. Ka nemi ƙaramin "k" kuwa, -1 za ka gani, wato babu, tunda lambar da kwamfuta ke adana babban baƙi da ita daban ce da ta ƙarami.

Wannan -1 ɗin yana kayar da sababbin ɗalibai sosai. Python tana ɗaukar 0 a matsayin "a'a", -1 kuma a matsayin "e". Wanda ya ɗora find kai tsaye a kan if, umarnin da ke duba "e" ko "a'a", manhajarsa za ta ce babu harafin alhali shi ne na farko, ta ce akwai alhali babu. In "akwai ko babu" kaɗai kake son sani, yi amfani da umarnin "in" a Python ko "includes" a JavaScript, ka huta.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. A tsarin adana rubutu na UTF-8, k bayit ɗaya ne (bayit ɗan ma'aunin ajiya ne a kwamfuta), amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne. Umarnin strchr na C bayit ɗaya yake nema, don haka ba zai taɓa gano ƙ yadda ya kamata ba. Umarnin strstr ake buƙata, wanda ke neman jerin bayit gaba ɗaya. Ko gurbin ma yakan sauya: a kalmar "ƙasa", Python za ta ce s na gurbi na 2, C kuma ta ce 3, tunda ita bayit take ƙirgawa.

Ga kuma bambancin rubutu. Nijar na rubuta ƴ, Najeriya na rubuta 'y, wanda a wajen kwamfuta alamomi biyu ne. Duk mai gina wa Hausawa akwatin bincike, to ya daidaita waɗannan siffofin kafin a fara nema, in ba haka ba mai neman "ƴaƴa" ba zai ga "'ya'ya" ba.