Kayan ɗaukar hoto masu jure gishiri da ƙura

Kyamara mai jure yanayi ita ce wadda aka toshe haɗe-haɗen jikinta da zoben roba da gaskit, wato robar da ke like tsakanin sassa biyu, a gefen maɓallai da murfin batir da ramin katin ajiya, don kada ruwa ko ƙura su kai ga abin da ke ciki. Masu aiki a bakin teku da cikin hamada su suka fi buƙatarta, domin gishiri da yashi kowanne da irin ɓarnarsa.

Ɓarnar yashi nan take ake ganinta. Yawancinsa ma'adinin kwats ne, taurinsa 7 a ma'aunin Mohs, gilashi kuwa bai cika wuce 6 ba. Saboda haka ƙwaya ɗaya da aka goge da tsumma ta isa ta karce idon kyamara, wato gilasan da haske ke ratsawa. Ƙurar da ta sauka kan sensa, farantin da ke karɓar hasken, tana fitowa ɗigo-ɗigo a hoto, musamman idan an tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22.

Gishiri shi ba ya gaggawa, kuma shi ya fi muni. A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri. Feshin da iska ke kwasowa yakan bushe a jikin kyamara, mai ita ya ɗauka an rabu lafiya. Amma da zarar laimar iska ta kai wajen kashi 75 cikin ɗari, gishirin zai tsotsi danshi ya koma ruwa. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, don haka duk inda ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu, kamar kusar ƙarfe a jikin alminiyum ko maganiziyam, ɗaya zai riƙa cin ɗaya. Sau da yawa sai bayan makonni matsalar take bayyana.

A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Kamfanoni da dama suna rubuta cewa kayansu na jure yanayi, alhali furucin ba shi da ma'auni. Abin da ake iya aunawa shi ne lambar IP, mai adadi biyu da ke nuna juriyar na'ura ga ƙura da ruwa, ta ƙa'idar IEC 60529. Adadin farko, daga 0 zuwa 6, na ƙura ne: 5 na nufin ƙura na iya shiga amma ba yadda za ta hana aiki ba, 6 kuwa ba ta shiga sam. Na biyu na ruwa ne: 3 feshi, 4 fantsama daga kowane ɓangare, 7 nitsewa har mita 1 na minti 30. Kyamarar OM System OM-1 ta 2022 tana da IP53, Leica SL2 tana da IP54. Sai dai da ruwan daɗi ake yin gwajin, lambar ba ta ɗauki alkawarin komai game da gishiri ba, garantin kamfanoni ma galibi bai shafi ɓarnar ruwa ba. Wanda zai shiga cikin igiyar ruwa gara ya nemi akwatin nitso, wato wanda ake rufe kyamara a ciki a shiga ruwa da ita, ko ƙaramar kyamara irin Olympus Tough TG-6 da aka ƙera ta jure zurfin mita 15. Kyamarorin shiga ruwa sun daɗe, tun irin su Nikonos da kamfanin Nikon ya fitar a 1963.

Toshe jiki kaɗai bai wadatar ba idan idon da aka ɗaura babu zoben roba a gindinsa. Idon zum, mai jawo abu kusa, idan mai miƙewa da komawa ne, kamar zugazugin maƙeri yake, kowane motsi yana zuƙo iska da ƙurarta. Wanda gilasansa ke motsi a ciki, tsawonsa bai canzawa, shi ya fi dacewa. Filta marar launi, wato gilashin kariya da ake ɗaurawa a gaban ido, tana karɓar feshin a madadin gilashi mai tsada, wasu idanun kamfanin Canon ma sai da ita toshiyarsu ke cika. Na'urar girgiza ƙura daga sensa, wadda Olympus E-1 ta fara zuwa da ita a 2003, tana taimakawa da busasshiyar ƙura, amma ba ta iya wa ɗigon gishirin da ya manne. Shi ya sa ƙwararru da yawa ke rataya kyamara biyu, kowace da idonta, don kada su buɗe ciki a fili.

Mazaunin kyamara mai ƙafa uku shi ya fi shan wuya, tunda shi ke tsayawa cikin ruwa. Ƙafafun zaren kabon ba sa tsatsa, amma makullansu na ƙarfe ne. A zaɓi wanda ake iya kwancewa da hannu a wanke.

Bayan aiki, ana fara hure yashi da abin hura iska na roba, sannan a shafe jikin kyamarar da tsumma mai ɗan danshin ruwan daɗi. Mazaunin a ɗauraye shi sosai, ya bushe kafin a naɗe. Ajiya kuma a cikin akwati mai ƙwayoyin silika masu tsotse danshi, laimarsa tsakanin kashi 40 zuwa 50, domin idan ta yi yawa fumfuna za ta tsiro a kan gilasan.