Na'urar jijjiga ga yara masu nakasa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Wai mene ne wannan abin?

Faranti ne mai lantarki, yaro ya tsaya a kai yana jijjiga shi kamar sau 20 zuwa 30 a daƙiƙa guda. Tsoka tana ɗaurewa tana saki da kanta, ƙashi kuma yana jin nauyi. Shi ke nan. Babu wani siddabaru.

Zai sa yarona ya tashi ya yi tafiya?

A'a. Duk wanda ya ce maki haka kuɗinki yake so.

To meye amfaninsa?

Yaron da ba ya tsayuwa ba ya gudu ƙashinsa ba ya yin ƙwari, shi ya sa za ki ga wani ya karye a cinya wajen ɗaga shi kawai. A Manchester, 2004, an gwada yara 20, minti 10 a rana har wata 6, ƙashin ƙwaurin waɗanda suka hau na'ura ta gaske ya ƙara ƙarfi, na waɗanda aka ba ta bogi ya ragu. Amma a Montreal ta Kanada, 2010, an gwada yara 20 masu shanyewar gaɓoɓi ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa, saurin tafiyarsu ya ƙaru, ƙashin kuwa bai nuna wani ci gaba ba. Ni dai na fi yarda da ita a wajen tsoka da tafiya. Maganar ƙashi da saura, yara ashirin-ashirin ai ba yawa ba ne.

Mu daina zuwa gashin ƙashi kenan?

Haba Hajiya! A Kolon ta Jamus ma, inda suka daɗe suna aiki da ita, haɗawa suke da sauran motsa jiki. Ƙari ce kawai.

Na ga irin ta a shagon kayan motsa jiki, wadda ake cewa tana rage tumbi. In saya in ɗora shi a gida?

Nan ne nake jan numfashi. Ba zan ce maki haramun ba, ba kuma zan ce je ki saya ba, ya danganta da yaron da na'urar. Na'urorin da aka yi bincike da su, irin su mai suna Galileo, an san adadin bugunsu da ƙarfinsu, ita kuwa ta kasuwa sai ki ga lamba 1 zuwa 99 a jiki ba mai gaya maki me lambar ke nufi, kuma don babba mai kilo 80 aka yi ta, ba yaro mai kilo 15 da ƙashi kamar kara ba. Sannan na'urorin iri biyu ne, wata sama da ƙasa take bugawa, wata kuma tana karkata hagu da dama kamar lilo, ba ɗaya suke a jiki ba.

In har kin nace, to likitan gashin ƙashi ya fara ganin yaron, a ɗauki hoton ƙugu tukuna, domin irin waɗannan yaran ƙashin ƙugunsu kan goce a hankali ba a sani ba. In ya karye kwanan nan, ko an yi masa tiyata, ko an sa masa ƙarfe bai daɗe ba, ko farfaɗiyarsa ba ta lafa da magani ba, a dakata. In an ce a yi, a fara daga mafi ƙanƙanta, gwiwa a ɗan lanƙwashe don kada jijjigar ta haura kai, ke kuma hannunki yana ƙugunsa. Yawanci minti 3 ne, a huta, a sake, sau uku. Wanda ba ya iya tsayuwa kuwa a can ƙasashen waje kan gado mai karkata suke ɗaure shi, ƙafa a kan farantin, kar ki ce za ki rataye shi ta hammata kina lilo da shi.

Ƙafarsa ta yi ja yana sosawa, na shiga uku?

Ba ki shiga ba, kwantar da hankalinki. Jini ne ya gudana, zai wuce ba da jimawa ba. Jiri ko ciwo ko kukan da ba ki saba ji ba, kashe ta.

In na ƙara lokaci zai fi saurin aiki?

Don Allah kar ki soma. Matsalar ma ba ta ƙarin lokaci ba ce, ta ɗorewa ce. A gwajin Manchester ɗin nan ko rabin mintocin da aka ce yaran su yi ba su cika ba, kuma su ba a ɗauke masu wuta.